Ki Taho ta Ƙasa

Mile 2, Diobu, Fatakwal
4 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Hanifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya baƙunta a Dakar? Mu muna nan yadda kika bar mu. Innarki Ramlatu tana gaishe ki. Tarin nan nata ya dawo tun da ruwa ya ɗauke, amma tana tashi, tana girkinta, tana kuma yi mini faɗa kamar kullum, saboda haka da sauƙi.

Da biro na rubuta wannan, na ɗauki hotonta da waya na turo miki. Kin san ba na son surutu a waya. Abin da mutum ya rubuta da hannunsa ba ya iya musunsa gobe.

Na karanta takardar shirinku na musayar ɗalibai da kika turo, shafi goma sha huɗu. Turancinta mai kyau ne. Na fahimci cewa jami'o'inku sun gano malamai da ɗalibai masu yawo a jirgin sama daga wannan taro zuwa wancan suna ƙara wa duniya hayaƙi. Don haka kowannenku ya sa hannu: taron da za a iya yi ta bidiyo a yi shi ta bidiyo, inda mota ke zuwa kuma a bar jirgi. Kin ce kina son ra'ayina tunda na karanta ilimin sinadarai. Na gode da kika tuna. A unguwar nan babu wanda ya tuna. Malam mai sikeli suke kirana, tunda aikina yanzu auna ƙarafan da samarinmu 'yan bola suke turowa a baro.

Ga ra'ayin. A tsakar gida na zauna na karanta ta da safe. Kafin in kai shafi na shida sau uku ina goge baƙar toka daga fuskar wayar. Kin san tokar nan, a cikinta kika girma. Ita ce a hancinmu, ita ce a tafin ƙafarmu, ita ta hana Innarki shanya farin mayafi shekara bakwai. Ba jirgin wani farfesa ne ya sauke mana ita ba. Masu dafa ɗanyen mai ne a cikin daji, da jami'an tsaro masu ƙona musu tukwanen, da wutar iskar gas ta kamfanonin mai da ke ci a sama dare da rana tun kafin a haifi mahaifiyarki.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfani a garin nan. Ayari bakwai na masu bincike na raka cikin ruwa a kwalekwale. Ni ke shiga taɓo har gwiwa in ɗebo, ni ke rubuta lamba a jikin kwalba. Su kwana huɗu a otal mai sanyi, su girgiza kai, su ce abin takaici ne, su hau jirgi. Da rahoton ya fito na nemi sunana, na same shi a ƙasan shafin ƙarshe: “da sauran mataimaka na gida.” Ranar da na rubuta nawa rahoton a kan ruwan wata ƙorama da yara ke sha, a makon aka ba ni takardar sallama.

Yanzu 'ya'yan waɗancan sun ce sun tuba, za su rage hawa jirgi. Madalla. Ke kanki a me kika tafi Dakar? A jaki?

Kin ce a Disamba za ki zo ki ɗebi samfurin iskarmu. To, idan da gaske kuke, ki taho ta ƙasa. Kakanki har Gwanja ya kai da ƙafarsa don goro kawai. Ni dai na kai shekara sittin da takwas ban taɓa ganin mai digiri ya aikata abin da ya sa wa hannu ba. Na haɗa da kaina.

Kawunki,
Arzika Gwadabe

*

Dakar
9 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina kwana Kawu, ya aiki, ya jikin Inna? Ina lafiya lau. Na fara sabawa da shinkafarsu da kifi, amma har yanzu in na ce musu ba su iya sa barkono ba sai su yi ta dariya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Na farko na ji haushi, na biyu na yi dariya a kan jakin. E, a jirgi na zo, a lokacin ban sa hannu ba. Kuma ban taɓa cewa jirginmu ne ya kawo tokar Diobu ba. Amma Kawu, kai ka koya mini tun ina firamare cewa duk abin da aka ƙona yana zuwa wani wuri. A kan murhun Inna ka nuna mini da farin faranti. Idan har zan tsaya gaban mutane in ce su daina ƙona abu a kan gidanmu, ba zan so a tambaye ni nawa na ƙona kafin in iso wurin ba.

Mu goma sha tara ne a shirin. A bara an ce ɗalibai sun yi tafiyar jirgi sau sittin da wani abu. A bana sau tara. Wata 'yar Kamaru ta yi kwana shida a mota zuwa taro. Ba kowa ne maƙaryaci ba.

Na amsa. Ta ƙasa zan taho. Na riga na gaya wa malamar da ke duba aikina, ta ce in rubuta yadda tafiyar ta kasance don masu zuwa bayana. Sunanka kuma a shafin farko zai fito, kusa da nawa, ko ka so ko ka ƙi.

Abu ɗaya nake roƙo. A shafi na goma sha ɗaya akwai sharaɗi: idan rashin lafiya mai tsanani ta sami iyaye ko wanda ya riƙe mutum, za a ba shi tikitin jirgi cikin kwana ɗaya, babu tambaya. Inna ce ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, na rubuta sunanta a wurin. Na kira ta jiya, tana magana tana tsayawa. Ta ce shara take yi. Kawu, kai ba ka ɓoye gaskiya, shi ya sa ma aka kore ka daga aiki. Idan jikinta ya yi nauyi ka gaya mini, in zo a jirgi, in bar batun hayaƙi zuwa wata shekara.

'Yarka,
Hanifa

*

Mile 2, Diobu
18 ga Nuwamba

Hanifa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na yi jinkirin amsa saboda mun kwana uku a asibiti da Innarki. Kada ki tashi hankalinki. Sun sa mata iska ta hanci, sun ba ta magani, mun dawo gida ran Alhamis. Da sauƙi. Jiya har ta zauna a ƙofar ɗaki ta tsince wake. Maman Ebere ta ɗakin gaba ta leƙo ta ce, “Hajiya, you don come back? No die o, who go give me tuwo?” Innarki ta ce mata da Hausa, “Ke dai ci kika sani, sai ka ce gara.” Suka yi ta dariya har tari ya kama ta.

Na karanta mata wasiƙarki. Da na zo wurin tikitin jirgi ta ce, “Arzika, in ka tayar wa yarinyar nan da hankali a kan tari, ban yafe ba. Bari ta yi karatunta.” Ga saƙonta nan na isar.

Tafiya sittin ta koma tara. To, na ji. Na zauna na yi lissafin a bayan takardar sikeli, don har yanzu ƙwaƙwalwar ba ta mutu duka ba. Abin da ku goma sha tara kuka rage a shekara, wutar nan guda ɗaya da muke hangowa daga bakin ruwa za ta mayar da shi kafin ki gama karanta wannan shafin. Ba na faɗa don in karya miki gwiwa ba. Lissafi ne, ba ya jin kunyar kowa.

Kuma na san yadda ake yi. A sa hannu a gaban kyamara, sannan a bar wata 'yar ƙofa a shafi na goma sha ɗaya. Wannan kakarsa ba ta da lafiya, wancan taronsa na gaggawa ne. A zamaninmu ma haka muka yi. Mu arba'in muka yi rantsuwa a ɗakin taron jami'a cewa ba za mu taɓa sa hannu a sakamakon gwajin ƙarya ba. Na san inda talatin daga cikinmu suke yau, na san irin motocinsu. Ni kuma da na riƙe tawa rantsuwar, ga ni ina gardama da yaro a kan ko murfin janareta ƙarfe ne ko dalma. Ban ce na fi su ba. Ƙoramar da na yi rahoto a kanta har yau yara na sha.

Saboda haka idan kin ga hanyar ta yi miki nisa, ba sai kin jingina da Innarki ba. Ki ce kin gaji kawai, ki hau jirginki. Ba zan ce komai ba, na saba.

Sunana a shafin farko kuma, ki bar shi. Wa zai karanta?

Kawunki,
Arzika

*

Dakar
27 ga Nuwamba

Kawu,

Ina wuni, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ban jingina da Inna ba, kuma maganar ta yi mini zafi. Tambaya na yi.

Na sayi tikitin bas. Ran Juma'a ɗaya ga wata zan tashi. Daga nan Bamako, daga can Abijan, sai Akara, Lome, Kwatano, Legas, sannan gida. An ce mako ɗaya in boda ba ta riƙe mu ba. Na'urar auna iska tana cikin jakar baya, na naɗe ta da zanin da Inna ta ba ni. Layin wayata zai riƙa yankewa a hanya, kada ku damu in kun ji shiru.

Kwana uku a asibiti da iska a hanci ba ƙaramin abu ba ne, Kawu. Me likita ya ce? Ba abin da Inna ta ce ba, abin da likita ya ce. Ofishin shirin yana rufewa ƙarfe huɗu ran Alhamis. In ka rubuto kalma ɗaya kafin lokacin, ran Asabar ina tsakar gidan nan. In ka ce babu komai, na yarda da kai, zan hau bas.

Hanifa

*

Mile 2, Diobu
29 ga Nuwamba

Hanifa,

Muna lafiya. Innarki ta ci abinci yau, ta yi sallolinta a zaune. Likita ya ce a ci gaba da magani. Da sauƙi.

Ki taho ta hanyarki. Allah Ya kiyaye. Ki riƙe fasfonki a jikinki, kada ki sa shi a jaka. In kun biyo ta Anaca, Mijinyawa mahauci yana nan kusa da kasuwar shanu, ɗan ƙanwar Innarki ne, kin san shi.

Zan so in ga wannan abu da idona.

Kawunki

*

Mile 2, Diobu
4 ga Disamba

Hanifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki lafiya, duk inda kike.

Mun koma asibiti jiya da hantsi. Numfashin ya ƙi. Na ɗauko ta a Keke, kanta a kafaɗata, ban taɓa sanin ta rame haka ba sai da na ɗaga ta.

Ki sauka a duk garin da ke da filin jirgi. Bamako, Abijan, ko'ina. Ki kira ofishinku ki ce shafi na goma sha ɗaya. Ni na ce. Na kira layinki sau tara, wata mata tana ba ni amsa da Faransanci.

Ki bar maganar da na yi. Maganar tsoho ce mai baƙin ciki, ba ta kai ki bi ta ba.

Arzika

*

Asibiti
7 ga Disamba

Hanifa,

Sallama. Ban san ko kina ganin waɗannan ba.

Yau na fita nemo maganin da babu shi a nan, sai da na kai Mile 3. Da na dawo na tarar da Innarki tana murmushi, wayarta a kan ƙirji. Ta ce, “'Yata ta kira.” Ta ce wayarki ta ɓace a tashar Bamako, kin ari ta wani fasinja a Abijan, lambarta kaɗai kika haddace. Na ce me kika gaya mata? Ta ce, “Na ce lafiya lau, ta taho a hankali, kada ta sha ruwan hanya.” Ta cire robar iskar daga hancinta kafin ta amsa, don kada ki ji ƙarar. Ma'aikaciyar jinya ce ta gaya mini wannan.

Na yi mata tsawa, Hanifa. A gaban mutane, mace a kwance. Ta dube ni ta ce, “Kai da ka rubuta mata, me ka ce?”

Na kira lambar da kika kira da ita. Wani mutum ya ɗauka, Hausarsa irin ta Zango. Ya ce kun rabu a tasha tun awa biyu, shi ya nufi Buwake, ke kin shiga motar Akara. Ya ce yarinya ce mai hankali, ta ba shi dabino. Na roƙe shi ko ya san direban. Bai sani ba.

Na nemo adireshin ofishinku a takardar nan mai shafi goma sha huɗu, na rubuta musu da Turancin da na yi shekara ashirin ban yi amfani da shi ba. Sun amsa cikin awa ɗaya. Sun ce tikiti a shirye yake daga duk inda kike, su ma nemanki suke. Mutanen kirki ne. Ban so in gano haka a irin wannan ranar ba.

Tana tambaya wace ƙasa kika kai. Na zana mata taswira a bayan katin asibiti, ina matsar da ƙwayar magani a kai kowace safiya. Yau na ce Gana. Ƙarya nake ko gaskiya, ban sani ba.

Kawunki

*

Anaca
Lahadi, 10 ga Disamba

Kawu,

Ya jikin Inna? Don Allah ka gaya mini gaskiya yanzu.

Jiya da yamma na iso Legas. Sun riƙe mu kwana biyu a boda tsakanin Bamako da Abijan saboda na'urar, sun ce sai na nuna takardar da ta ce ba ta leƙen asiri ba ce. A tasha na sayi ƙaramar waya, na buɗe saƙonnina, na ga wasiƙunka a jere. A tsaye na karanta su.

Na kira ofis, suka yi ta nema. Babu kujera zuwa Fatakwal sai Talata, kowa yana tafiya gida Kirsimeti. Na je filin jirgin da kaina da asuba na roƙi mutane a layi ko wani zai sayar mini da tasa. Wata mata ta yi kuka tare da ni amma ba ta bayar ba. Sai na koma tasha na shiga bas, na ce awa goma sha biyu ai ta fi jiran Talata.

Awa huɗu muka yi a bakin gadar shiga Anaca. Da muka shigo Anaca rana ta kusa faɗuwa, direba ya kashe mota ya ce nan ya tsaya. Gobe Litinin, ranar zaman gida dole da 'yan aware suka kafa a yankin nan, babu motar da za ta hau hanyar Oweri, kuma ba zai bi ta da duhu ba ko an ba shi motar kyauta. Na manta da Litinin, Kawu. Shekara ɗaya kawai na yi a waje na manta.

Ina gidan Yaya Mijinyawa. Ya zaga duk direbobin shanun da ya sani, ya nemi masu okada, babu wanda ya yarda. Ya ce ko shi gobe ba zai buɗe teburinsa ba. Ya ce motar farko ran Talata ƙarfe shida.

Awa huɗu ne tsakanina da ku. Na ƙetare ƙasa shida.

Na kira wayar Inna, kai ka ɗauka, ka ce tana barci. Ka sa mata wayar a kunne ko tana barci. Ka gaya mata ina Anaca, ka ce jibi da hantsi. Ka ce na kawo mata turaren wutan da ta ce, na Senegal. Ta jira ni.

Ban tambaye ka komai a kan wasiƙar ashirin da tara ga Nuwamba ba. Ba yanzu ba.

Hanifa

*

Mile 2, Diobu
Litinin, 11 ga Disamba, bayan la'asar

Hanifa,

Assalamu alaikum. Ban san yadda ake buɗe irin wannan ba. Ina lafiya, in wannan yana da amfani.

Mijinyawa ya riga ya gaya miki, kuma mun yi magana a waya, in za a kira wannan magana. Kina kuka ina cewa haƙuri. Akwai abubuwan da ba su fito ba, ga su.

Ƙarfe tara da kwata na safe ta cika. Jiya na sa mata wayar a kunne kamar yadda kika ce, kin ji da kanki ba ta amsa ba. Amma da asuba ta farka, hankalinta garau. Na ce kina Anaca. Ta ce, “Gidan Mijinyawa? Matarsa ba ta iya tuwo ba, yarinyar nan za ta kwana da yunwa.” Ta ce in ɗebo kuɓewa busasshiya a cikin kwallar da ke ƙarƙashin gado in ajiye a kusa. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba sai salati.

Kin roƙe ni a waya a ajiye ta zuwa gobe. Na ji ki. Na tsaya a barandar asibiti na yi tunani, ma'aikacin ɗakin ajiye gawa yana tsaye yana jirana da takarda. Shekara talatin da tara muna zaune a garin nan, kuma duk lokacin da aka yi rasuwa a layinmu aka kai mutum firji wata biyu ana jiran biki, sai ta kama hannuna ta ce, “Arzika, ni dai kada ka bari in kwana a cikin ƙanƙara. Ranar da na tafi, ranar za ka kai ni.” Na yi mata alkawari ya fi sau ashirin. Liman ma ya zo, jama'a sun taru, 'yan bola sun ajiye barorinsu sun tafi haƙa. Na zaɓi nata a kan naki. Matan unguwa suka yi mata wanka, aka sallace ta bayan azahar. Wannan ban nemi gafararki a kansa ba, ko gobe aka sake haka zan yi.

Ga wanda ya rage.

Kin tambaye ni me likita ya ce. Ran goma sha shida ga Nuwamba, ranar da aka sallame mu daga kwanciyar farko, ya kira ni gefe ya ɗaga hoton ƙirjinta a jikin taga. Ba sai ya yi mini bayani ba, na san abin da nake kallo. Ya tambaya ko tana shan taba, na ce shekararta talatin da tara tana shaƙar Diobu. Ya ce makonni ne, wataƙila wata biyu, in akwai wanda ya kamata ya zo a kira shi yanzu. Da wannan a kunnena na zauna na rubuta miki labarin wake da Maman Ebere.

Zan iya cewa Innarki ce ta hana ni. Ta hana, amma ita ba ta ga hoton ba, ni na gani. Zan iya cewa haka muke, ba ma cewa jikin mutum ya yi tsanani yana kwance yana ji. Wannan ma gaskiya ne, kuma na ɓuya a bayansa. Amma kin tambaye ni sau biyu a rubuce, kin ba ni rana da awa.

Ran ashirin da tara na riƙe biro kusan awa ɗaya. Na yi lissafi. Ya ce wata biyu, tafiyarki mako ɗaya, akwai rara. Ni da na san jikin mutum ba ya bin lissafi. Abin da ban rubuta a lissafin ba shi ne ina so in gani. Rabin zuciyata yana so ki karaya ki hau jirgi da kanki, in ce ai na faɗa, duk ɗaya kuke. Ɗaya rabin yana so ki iso tashar nan da ƙurar ƙasa shida a ƙafarki, in ga mutum ɗaya tak, kuma na gidana, ya yi abin da ya sa wa hannu. Idan na ce ki hau jirgi, ba zan taɓa sanin wanne ne ba. Sai na sa Innarki a kan sikeli don in auna ki.

To, na gani. Kin yi abin da kika ce. Ba a taɓa ba ni amsa mai tsada irin wannan ba, kuma ba ni na biya ba.

Kada ki ɗora wa takardarku laifi. Sun bar ƙofa don irin wannan ranar, ni na tsaya a bakinta na yi miki gori har kika ji kunyar bi ta ciki. Idan kin rubuta labarin tafiyar don masu zuwa bayanki, ki rubuta wannan ma. Ki ce su tambayi likita da kansu, kada su tambayi tsohon da ke da abin da yake son tabbatarwa. Ko aikin naku zai rage wani abu a sararin nan, har yanzu ban yarda ba. Tokar ta sauka a kan likkafanin kafin mu kai maƙabarta, na ga liman yana kakkaɓewa da hannunsa.

Mijinyawa ya ce motar farko ƙarfe shida. Kada ki shiga ta. Washegarin Litinin hanya ba ta gama lafawa da sassafe, kuma direbobin farko gudu suke yi. Ki karya kumallo, ki shiga ta tara. Babu sauran abin da za ki riska.

Zan tsaya a tasha daga sha biyu. Idan kin sauko ba ki gaishe ni ba, ki miƙo mini jakar kawai in ɗauka, ki wuce gaba. Kin san hanyar gida.

Arzika